Digirin aikin jarida: wa kwalliya ke biya wa kuɗin sabulu?

Likita ba ya taɓa marar lafiya sai da lasisi, lauya ba ya tsayawa gaban alƙali sai ya ci jarabawar lauyoyi. Ɗan jarida kuwa, a yawancin ƙasashen duniya, babu dokar da ta ce sai ya nuna kwali kafin ya riƙe alƙalami ko makirufo. Brazil ta taɓa wajabta diflomar jarida tun zamanin mulkin soja a 1969, amma kotun ƙolin ƙasar ta soke wannan sharaɗi a 2009, ta ce ya ci karo da 'yancin faɗar albarkacin baki. Don haka duk mai shirin zuba kuɗi a digirin jarida, abin da zai saya ba tikitin shiga ba ne na dole. Taimako ne kawai, kuma taimako sai an auna shi da farashinsa.

Sai dai kada wannan ya ruɗi kowa ya ɗauka cewa jami'a ba ta da amfani a wannan sana'a. Masu kushe karatun jarida suna yawan kafa hujja da Carl Bernstein, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka bankaɗo badaƙalar Watergate da ta kai ga murabus ɗin shugaban Amurka Richard Nixon, wanda ya fara da aikin ɗan aike a jaridar Washington Star yana ɗan shekara 16 kuma bai kammala jami'a ba. Ko Walter Cronkite, fitaccen mai karanta labaran talabijin na Amurka, wanda ya bar Jami'ar Texas bai gama ba. Gaskiya ne, amma wancan zamanin ya wuce. Binciken da malaman Jami'ar Syracuse suka fitar a 2022 ya nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na 'yan jaridar Amurka suna da digiri. Abin lura a nan shi ne, waɗanda jarida zalla suka karanta ba su kai rabi ba. Abokin aikin Bernstein ma, Bob Woodward, tarihi da adabin Turanci ya karanta a Yale.

Ke nan ba a kan zuwa jami'a ko ƙin zuwa ake gardama ba. Ana gardama ne a kan me za a karanta, a nawa, kuma wa zai biya.

Digiri na farko: kuɗin ɗaya ne, asarar daban ce

A matakin digiri na farko, yawanci ɗalibin jarida da na tarihi da na tattalin arziki kuɗi ɗaya suke biya idan jami'arsu ɗaya ce. A Amurka, alƙaluman hukumar College Board na shekarar karatu ta 2023/2024 sun nuna cewa matsakaicin kuɗin makaranta a jami'ar gwamnati ga ɗan jihar dala 11,260 ne a shekara, ga wanda ya fito daga wata jiha dala 29,150, a jami'a mai zaman kanta kuma dala 41,540. Ba a sa kuɗin ɗaki da abinci da littattafai ba. A Ingila an ƙayyade kuɗin ga ɗan ƙasa a kan fam 9,250 a shekara daga 2017, aka ɗaga zuwa fam 9,535 a 2025. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu sai ɗan abin rajista.

Tunda mutum zai je jami'ar ko ta halin ƙaƙa, zaɓen jarida bai ƙara masa ko ƙwandala ba. Abin da ya rasa shi ne fannin da bai karanta ba. Nan ne nake ganin ya kamata a fi tsayawa a yi tunani, domin ɗakunan labarai suna cike da mutanen da suka iya tsara jimla da gabatarwa, amma suna ƙarancin wanda zai buɗe kasafin kuɗin gwamnati ya gane inda aka yi rufa-rufa, ko ya karanta rahoton gwajin magani ya san ko alƙaluman sun tsaya da ƙafarsu. Tsara labari, yin hira, da rubuta kanu, ana iya koyon su cikin watanni idan akwai edita mai haƙuri a kusa. Ilimin ƙididdiga, shari'a, kimiyyar yanayi ko wani harshe na waje ba sa samuwa a 'yan watanni. Ita kanta hukumar da ke tantance makarantun jarida a Amurka, ACEJMC, ta shafe shekaru a baya tana sharɗanta cewa kaso mai yawa na darussan ɗalibi su kasance a wajen sashen jarida. Wannan shaida ce daga cikin gida cewa jarida ita kaɗai ba ta cika shekara huɗu.

Amma akwai makarantun da suka cancanci shekara huɗun. Makarantar jarida ta Jami'ar Missouri, wadda Walter Williams ya kafa a 1908, tun ranar farko ta ɗora ɗalibai a kan jaridar gari ta gaske, wadda a yau ake kira Columbia Missourian. (Wannan Columbia sunan garin da jami'ar take ne, ba ta da alaƙa da Jami'ar Columbia ta New York da za mu zo kanta.) Jami'ar kuma ita ke da gidan talabijin na KOMU, mai ƙawance da babbar kafar talabijin ta NBC, inda ɗalibai ke haɗa labaran da mutanen gari ke kallo da yamma. A Jami'ar Jihar Arizona ma, makarantar da aka sa wa sunan Cronkite tana fitar da labaran ɗalibai ta tashar Arizona PBS. Ɗalibin da ya fito daga irin waɗannan wurare ya riga ya sha gyaran edita, ya riga ya san yadda majiya ke kashe waya a kunnensa, ya taɓa yin kuskure a suna ya ga an buga gyara washegari. Bambancinsa da wanda ya shekara huɗu yana haddace ra'ayoyin masana sadarwa a aji, bai taɓa buga layi ɗaya ba, ya fi bambancin da ke tsakanin mai digirin jarida da marar shi.

Wato kalmar "digirin jarida" tana rufe da kaya iri biyu da ba su yi kama ba, kuma sau da yawa farashinsu ɗaya.

Abin da ke jira a bakin ƙofa

Kafin a yi maganar riba, a dubi kasuwar. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta cewa ma'aikatan ɗakunan labarai a Amurka sun ragu daga kusan 114,000 a 2008 zuwa kusan 85,000 a 2020, raguwar kashi 26 cikin 100. Jaridun takarda ne suka fi jin jiki: daga kusan 71,000 zuwa kusan 31,000. Kafofin da aka haifa a intanet sun ƙaru daga kusan 7,400 zuwa kusan 18,000, amma ƙarin bai kai ya cike gibin ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin talla da jaridun Amurka ke samu ya kai wajen dala biliyan 49 a tsakiyar shekarun 2000, ya faɗo ƙasa da biliyan 10 a 2022, domin ƙananan tallace-tallace sun koma shafuka irin su Craigslist, manyan kuma Google da Facebook sun kwashe. Makarantar Medill ta Jami'ar Northwestern ta lissafa a rahotonta na 2024 cewa sama da jaridu 3,200 sun rufe tun 2005.

Waɗannan ƙananan jaridun garuruwa su ne a da suke karɓar sabon ɗan jarida, su biya shi ɗan abin da ya samu, su koya masa zaman kotu da na majalisar gari har ya goge. Rufewarsu ta yi abu biyu masu karo da juna. Ta rage guraben da mai sabon digiri zai nema, ta kuma ƙara wa makarantun jarida muhimmanci, tunda wurin koyon aiki kyauta ya ragu. Kafofin intanet da aka sa wa rai su ma ba su tsira ba: BuzzFeed News, wadda ta ci babbar kyautar aikin jarida ta Pulitzer a 2021, an sanar da rufe ta a Afrilun 2023, kamfanin Vice kuma ya shigar da takardun karyewar arziki wata guda bayan nan. Ga kuma na'ura tana cin aikin 'yan koyo. Tun 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya fara barin manhaja ta rubuta gajerun rahotannin ribar kamfanoni, tun kafin ƙirƙirarriyar basira ta zama abin da kowa ke magana a kai.

Albashi fa? Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta sa matsakaicin albashin ɗan jarida a kan dala 57,500 a shekara a watan Mayun 2023. Wannan na tsakiya ne, ya haɗa da waɗanda suka shekara ashirin a bakin aiki da masu aiki a New York da Washington. Sabon shiga a ƙaramin gidan talabijin ko jaridar lardi ƙasa da haka sosai yake farawa.

A 2022 kamfanin neman aiki na ZipRecruiter ya tambayi masu digiri ko suna nadamar fannin da suka zaɓa, sai jarida ta zo ta ɗaya da kashi 87 cikin 100. Ana yawan yawo da wannan adadi, amma a riƙa tunawa cewa masu neman aiki aka tambaya, wato mutanen da a lokacin ba su da aiki ko ba su gamsu da wanda suke yi ba. Wanda ya ji daɗin aikinsa ba ya cikin layin. Duk da haka, cewa jarida ce ta fi kowane fanni a cikin wannan layin ba abin da za a kawar da kai ba ne.

Akwai wata riba da ba a cika faɗa a bikin yaye ɗalibai ba. Masu digirin jarida da yawa ba a jarida suke ƙarewa ba, suna komawa aikin hulɗa da jama'a, talla, ko sashen yaɗa labarai na kamfanoni da ƙungiyoyi. A Amurka jami'an hulɗa da jama'a sun ninka 'yan jarida kusan sau shida, albashinsu kuma ya fi. Ga mai auna kuɗi zalla, wannan hanyar fita ce mai kyau, tana rage haɗarin digirin. Ga wanda binciken ƙwaƙwaf ne ya ja shi tun farko, wata sana'a ce daban, kuma gara ya sani tun yanzu cewa bashi ne ke tura mutane da yawa can.

Digiri na biyu: inda lissafi ke tsauri

A nan kowane sisi ƙari ne, domin babu abin da ya tilasta shi. Mutum yana da digirinsa na farko, yana iya neman aiki, sai ya zaɓi ya ƙara shekara ɗaya ko biyu ba albashi, yana kuma biya.

Makarantar jarida ta Jami'ar Columbia, wadda aka buɗe a 1912 da kuɗin da attajirin mai gidan jarida Joseph Pulitzer ya bari, ita ce ta fi suna. Karatunta na digiri na biyu bai cika shekara ba, amma idan aka haɗa kuɗin makaranta da na zama a New York ya haura dala 100,000 ga wanda bai samu tallafi ba. A yi lissafi a sarari. Kuɗin ruwan bashin gwamnatin Amurka ga ɗaliban digiri na biyu ya ɗan haura kashi 8 cikin 100 a shekarar 2024/2025. Wanda ya ci bashin dala 100,000 a kan kashi 8, zai biya cikin shekara goma, kowane wata zai fitar da kusan dala 1,210, jimilla wajen dala 145,000. Mai albashin dala 57,500 kuwa kusan dala 4,800 yake samu a wata kafin a cire haraji. Rubu'in albashi ke nan ya tafi tun ba a yi maganar haraji da haya ba. Kuma bashin karatu a Amurka yana da wuyar yafewa ko da mutum ya karye a kotu. Akwai tsarin da ke yafe ragowar bashin gwamnati bayan biyan wata 120 ga masu aiki a ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, wanda zai iya shafar ma'aikacin kafa irin ProPublica ko Texas Tribune, amma gina rayuwa a kan cewa za a samu aiki a irin waɗannan wurare har shekara goma caca ce.

To me mutum ke saya da wannan kuɗi? Darussan suna da kyau, ba musu. Amma abin da ya fi tsada a ciki shi ne mutane: malamin da jiya edita ne a babbar jarida kuma zai iya ɗaga waya ya ambaci sunanka, 'yan ajin da nan da shekara goma su ne masu ɗaukar aiki, da ranar da manyan kafofi ke zuwa har makaranta neman sababbin hannu. Wannan abu ne na gaske, ban raina shi ba. Ga wanda ba shi da kowa a sana'ar, ko ɗan wata ƙasa da ke son shiga kasuwar Amurka, ko injiniya ko ma'aikaciyar jinya da ke son sauya layi, yana iya taƙaita tafiyar shekara biyar zuwa ɗaya. Ga wanda ya riga ya yi digirin farko a jarida, ya yi aiki a jaridar ɗalibai, maimaici ne mai tsadar gaske, kuma ban ga hujjar cin bashi dominsa ba.

Farashin da aka rubuta ma ba shi ne kowa ke biya ba. Makarantun nan suna ba da tallafi, wani lokaci mai tsoka, kuma wanda makarantu biyu suka ɗauka yana iya nuna wa ɗaya tayin ɗayar. A cikin New York ɗin kanta akwai makarantar jarida ta jami'ar gwamnati ta CUNY, mai rahusa nesa ba kusa ba, wadda Craig Newmark ya ba dala miliyan 20 a 2018, ya ƙara miliyan 10 a 2024 da nufin a kai ga karatu kyauta. Shi ne dai mai Craigslist ɗin da aka ambata ɗazu. Mai karatu ya yi wa wannan fassarar da ya ga dama.

Hanyar da ake biyan ka kana koyo

Amurka ce ta fi ɗora nauyin horar da 'yan jarida a kan jami'a da aljihun ɗalibi. Wasu ƙasashen sun bi wata hanya, kuma duba su yana nuna nawa ne ainihin horon da ake buƙata.

A Birtaniya, abin da editocin jaridu da yawa ke tambaya shi ne diflomar hukumar horar da 'yan jarida ta NCTJ, wadda aka kafa a 1951. Ana iya yin ta a kwas na gaggawa na wajen wata biyar, a kan fam dubu kaɗan. Tana koyar da dokokin yaɗa labarai, musamman ɓata suna da raina kotu, da yadda hukumomin gwamnati ke aiki, da rubutun gaggawa na alamomi, inda ake son mutum ya kai kalma 100 a minti ɗaya saboda ɗaukar bayani a kotu. Mai digirin tarihi da ya ƙara wannan difloma yana gogayya kafaɗa da kafaɗa da mai digirin jarida na shekara uku. BBC da Reuters da wasu manyan kafofi kuma suna da tsarin ɗaukar 'yan koyo da albashi. Bashin karatu a Ingila ma ba irin na Amurka ba ne: ana cire kashi 9 cikin 100 ne na abin da ya haura wani ma'aunin albashi, ragowar kuma a yafe bayan shekara 30 ko 40, gwargwadon tsarin da mutum ya shiga. Ƙaramin albashi a can yana nufin ƙaramin biya, don haka haɗarin ya fi sauƙi.

A Jamus hanyar da aka saba ita ce Volontariat, horon kusan shekara biyu a cikin gidan jarida ko rediyo, da albashi, yawanci bayan mutum ya yi digiri a wani fanni. Fitattun makarantunsu, irin su Deutsche Journalistenschule ta Munich da Henri-Nannen-Schule ta Hamburg, ba kuɗi suke nema ba, jarabawar shiga mai tsanani suke yi.

Aibin wannan hanya ɗaya ne, kuma babba: guraben kaɗan ne, masu nema dubbai. Waɗanda ake ɗauka kuma galibi sun riga sun tara ayyukan da aka buga musu. Ba hanya ce da mutum zai dogara da ita kaɗai ba, amma ita ya kamata a fara ƙwanƙwasawa kafin a sa hannu a takardar bashi. Wanda aka ƙi a bana bai yi asarar komai ba sai lokacin cike takarda.

A wurina, ga matashin da zai shiga jami'a yanzu kuma bai da tabbacin samun makaranta mai ɗakin labarai na gaske, abin da ya fi shi ne ya karanta fannin da zai zama gonarsa, ya ɗauki 'yan darussan jarida a gefe, musamman na doka da ɗa'ar aiki da sarrafa alƙaluma, sannan ya tare a jaridar ɗalibai ko rediyon jami'a tun shekarar farko. Editoci abin da aka buga suke fara dubawa kafin sunan sashe. Wanda kuwa ya samu gurbi a makaranta irin Missouri a farashin ɗan jiha ko da tallafi, ya shiga ba tare da ɗar-ɗar ba, ya haɗa da fanni na biyu idan tsarin ya bari. Ma'aunin da masu ba ɗalibai shawara kan bashi ke yawan bayarwa yana da amfani a nan: jimillar bashin kada ta wuce albashin shekarar farko da ake sa ran samu. A aikin jarida wannan ma'auni yana fitar da makarantu masu tsada da yawa daga lissafi, sai dai in an rage farashin.

Akwai kuma kuɗin da ba ya cikin takardar makaranta, wato na zaman sanin makamar aiki. Manyan kafofi suna birane masu tsadar haya, kuma idan ba a biyan 'yan koyo, wanda iyayensa za su iya ɗaukar nauyinsa wata uku a London ko New York ne kawai zai je. Shi ya sa makarantar da ke samar wa ɗalibanta gurbin koyo mai albashi, ko take shirya su don shirye-shiryen koyon aiki da albashi irin na gidauniyar Dow Jones News Fund, ta fi wadda ke da sabon situdiyo mai ƙyalli daraja.

Kafin a biya ko sisi, a nemi makarantar ta faɗi ɗalibai nawa ta yaye bara da bara waccan, nawa ne a cikinsu ke aikin jarida a yau, a wace kafa, da wane albashi. A kula da amsar "kashi 90 sun samu aiki", domin tana iya haɗawa da mai sayar da kaya a kanti da wanda ya koma karatu. A tambayi yaushe malaman suka bar ɗakin labarai, kuma ko aikin ɗalibai yana fita ga jama'a ko a aljihun teburin malami yake ƙarewa. Sannan a nemo tsofaffin ɗalibai biyu ko uku da suka gama shekara uku zuwa biyar da suka wuce, ba waɗanda makarantar ta zaɓo ta sa hotonsu a talla ba, a tambaye su nawa ya rage musu na bashi da kuma wa ya buɗe musu ƙofar aikinsu na farko.